Darasi: Yadda Za Ka Saka Sa Hannu A Ƙarshen Imel Ɗinka

Darasinmu na yau ba na abincin kaji ba ne, ba kuma na ruwan kifi ba. Ƙaramin abu ne a waya, amma ni ya taɓa jawo mini asarar kwastoma.

Lokacin da kajina masu ƙwai suka fara zuba, na tura wa wani otal imel cewa zan iya kai musu kiret 40 duk mako. Na rubuta farashi, na rubuta komai, na ƙare da "na gode". Babu sunan gona, babu gari, babu lambar waya. Manajan ya ga saƙon, ya sa aka buga a takarda aka miƙa wa mai kula da sito. Shi kuma mutumin ba ya harka da imel, waya yake so ya kira. Ya duba takarda bai ga lamba ba, sai ya kira wani. Da na je da ƙafata bayan mako biyu, har sun riga sun daidaita da wancan. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Maganin wannan shi ne sa hannun imel. Wato 'yan layuka da za ka rubuta sau ɗaya, kullum su riƙa fitowa da kansu a ƙasan duk saƙon da ka tura. Kamar allon da ke ƙofar shago yake. Zan yi bayani da Gmail, tunda shi yawancinmu muke da shi a wayoyinmu.

ME ZA KA RUBUTA?

Layi huɗu ko biyar sun isa:

Cikakken sunanka
Matsayinka da sunan gonarka
Abin da kake sayarwa, misali ƙwai, kajin nama, tarwada ɗanya da busasshiya
Gari da jiha
Lambar waya da ta WhatsApp

Ka rubuta lambar da lambar ƙasa a gabanta. Ta Najeriya +234, ta Nijar +227, ta Ghana +233. Idan lambar Najeriya ce, sai ka cire sifilin farko bayan +234. In ka yi wa sana'arka rajista da CAC, ka ƙara lambar rajistar, mai farawa da BN ko RC. Masu ba da rance da manyan masu saye suna duba wannan.

YADDA AKE YI A WAYAR ANDROID

1. Buɗe Gmail, ka taɓa layuka ukun nan da ke sama ta hagu.
2. Gangara ƙasa har ka ga Settings, ka shiga.
3. Zaɓi adireshin imel ɗin da kake kasuwanci da shi.
4. Nemi inda aka rubuta Mobile signature, ka taɓa.
5. Rubuta layukanka, sannan ka danna OK.

Idan kana da adireshi biyu a wayar, kowanne nasa daban ne. Wanda ka saka wa kaɗai zai fito da shi. A waya rubutu zalla ake sakawa, ba a saka hoto.

YADDA AKE YI A KWAMFUTA

1. Buɗe Gmail, ka danna alamar saiti mai kama da haƙoran inji, a sama ta dama.
2. Danna See all settings.
3. A shafin farko, gangara zuwa Signature, ka danna Create new.
4. Ba shi suna, misali "gona", sai ka rubuta layukanka a akwatin da ke gefe. A nan za ka iya saka tambarin gonarka.
5. A ƙasan akwatin akwai zaɓi biyu: wanda zai fito a sabon saƙo, da wanda zai fito idan kana mayar da amsa. Ka zaɓi sunan da ka ba shi a duka biyun.
6. Gangara can ƙarshen shafin ka danna Save Changes.

Wannan mataki na 6 shi ne inda mutane da yawa ke faɗuwa. In ba ka danna shi ba, duk aikin ya tashi a banza. A kwamfuta kuma kana iya yin sa hannu fiye da ɗaya, ɗaya na ƙwai, ɗaya na kifi, ka zaɓi wanda kake so ta alamar biro lokacin rubuta saƙo.

ABIN DA BA A SAKAWA

Kada ka saka BVN ko NIN ko kaɗan. Lambar asusun banki ma ba wurinta ba ne, domin sa hannu yana bin saƙo duk inda aka tura shi, har hannun wanda ba ka sani ba. Ka bar ta sai an daidaita ciniki, ka sa ta a takardar farashi. Kada ka rubuta farashi, tunda kuɗin abincin kaji ba ya zama wuri ɗaya, gobe za a riƙe ka da tsohon farashi. Kada kuma ka cika shi da launuka da dogon kirari. Mai saye suna da lamba yake nema.

Bayan ka gama, ka tura wa kanka saƙo ka gani da idonka. Ka duba lambar sau biyu, har ka sa wani ya kira ta. Lamba ɗaya in ta kuskure, daidai take da babu. Duk ranar da ka canza layi ko ka ƙara sabon kaya, ka koma ka gyara, a waya da kuma kwamfuta.

Aikin bai kai minti goma ba. Kafin ka tura wa otal, ko kamfanin 'yan tsaki, ko masu ba da tallafi saƙo na gaba, ka fara yin wannan tukuna.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kawo kasuwa mai amfani.