GADON TSORO: DARASI GA GIDAJEN DA SUKA YI HIJIRA



Malaman fiƙihu sun yi mana bayanin rabon gona da gida da dabbobi. Amma akwai gadon da ba a kai shi gaban alƙali, kuma kowane ɗa sai ya sami kasonsa. Wannan gadon shi ne tsoro.

A ƙasar Sakkwato, har da yankinmu na Boɗinga da Shagari, akwai gidajen da kakanninsu suka ƙetaro daga Nijar. Wasu aikin tilas na Turawan Faransa ya koro su, wanda ba a soke ba sai 1946. Wasu kuma siyasa ce. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, ƙasar ta koma hannun jam'iyya ɗaya ƙarƙashin Diori Hamani, kuma bayan tawayen 1964 aka yi ta kame, har aka harbe wasu a bainar jama'a. A irin wannan mulki maƙwabci kan kai sunan maƙwabcinsa, sai mutum ya koyi kame bakinsa ko a tsakar gidansa.

Kakan ya tsira, amma ya zo da shirunsa. Ɗansa ya tashi yana ganin yadda jikin mahaifinsa ke rawa in an ga mai kaki. Jikan kuma ya gaji faɗuwar gaba, bai gaji dalilinta ba. Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. To a nan, wanda ba a sara ba ne ke gudu.

Na zauna a wani neman aure da ya watse a kan tambaya ɗaya: ina asalinku? Saurayin ya ce mini, "Malam, wallahi ba mu san garin da munka hito ba. In an tambayi Baba, sai shi ce a bar zancen." Yaron nan ga salla, ga sana'a, amma shirun kakansa ya hana shi mata.

Alƙur'ani bai bar wannan mas'ala ba. A Suratul Ma'ida, Banu Isra'ila sun kuɓuta daga Fir'auna, amma da aka umarce su da shiga ƙasa mai tsarki sai suka ƙi saboda tsoro, suka yi shekara 40 suna ɗimuwa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa hikimar waɗannan shekaru ita ce waɗanda suka tashi cikin ƙasƙanci su shuɗe, a sami wasu da ba su san bulalar Fir'auna ba. Ka ga kenan fita daga ƙasar azzalumi daban, fitar azzalumi daga zuciya daban.

Mafita fa?

Na ɗaya, dattawanmu, ku ba 'ya'yanku labarin tun kuna da rai: sunan garinku, danginku da abin da ya fitar da ku. Wanda aka zalunta ba shi ne mai abin kunya ba.

Na biyu, matasa, ku tambaya da ladabi, kada ku matsa. Tsohon da ya yi shiru ba ƙin ku yake yi ba, da shirun ya tsira.

Na uku, mu masu masauki. Shehu Usman Ɗan Fodiyo da kansa ya bar Ɗegel zuwa Gudu a 1804 saboda zaluncin Yunfa. Daga baya ya zauna a Sifawa, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma a Boɗinga. Ƙasar da masu hijira suka raya, ta yaya za a riƙa kiran jikan mai hijira baƙo a cikinta? Mutanen Madina ba su yi wa Muhajirai haka ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya musanya tsoronmu da aminci. Wallahu a'alam.