Darasin Lafiya: In An Ga Tsakuwa a Matsarmama



Saboda ciwon ƙoda da ya dami ƙasar Haɗeja, da kuma awon masu juna biyu, mutanenmu da yawa suna zuwa asibiti a yi musu hoton ciki. Wani lokaci akan je neman wani abu dabam, sai a ce, "Akwai tsakuwa a matsarmamarka." Mutum ya dawo gida hankali a tashe, yana shirin sayar da shanun huɗa ko injin ban-ruwa don a yi masa aiki. Mu dakata tukuna.

Mece ce wannan tsakuwa?

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san matsarmama, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta. Ruwanta ke taimakon ciki narkar da maiƙo. In ruwan ya daskare sai ya zama tsakuwa. Ba tsakuwar shinkafa ce muka haɗiye ba.

Dole ne a yi aiki?

A'a. Cikin mutum 10 masu ita, kamar 8 ba ta damunsu. In ba ciwo, likitoci sukan bar ta a zauna lafiya. Amma sukan duba batun aiki ga mai sikila, ko in tsakuwar ta wuce santimita 3. A aikin, matsarmamar duka ake cirewa, mutum kuma ya ci gaba da nomansa. Tun 1882 aka fara yinsa a Jamus.

Yaushe za mu gaggauta zuwa asibiti?

1. Ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman bayan cin maiƙo.
2. Zazzaɓi da amai tare da ciwon.
3. Ido ya yi rawaya kamar na mai shawara.

Kada mu tsaya shan jiƙo, ba ya narkar da ita. Mu tuna kuma yadda ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi. Wanda tsakuwarsa ta fara ciwo ya ga likita tun da rani, kada ya jira kogi ya cika.

Yesu ya koya mana mu zauna mu yi lissafi kafin mu soma gini (Luka 14:28). Haka ma batun aiki.

Tambayoyi don taron ƙungiya:

1. Muna da asusun taimakon marasa lafiya?
2. Wa zai kai ɗan'uwa asibiti in ruwa ya tare hanya?

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.