Ina Mai Daukar Hoto Zai Je Ya Dawo A Wuni Guda?

Malam Sani, mai zane daga unguwar Nima a Akkara, yana tambaya: ina zai dauki hoton namun daji ya dawo gida a ranar?

To Malam Sani, ka nufi gandun dajin Shai Hills, kan hanyar Akosombo. Shai Hills na da gwaggon biri da barewa da kogunan dutse. Ka yi sammako, hasken safiya ya fi kyau, dabbobi ma ba su shige inuwa ba. Ka boye abincinka, birai na warcewa.

In tsuntsaye kake so, sai tafkin Sakumono kusa da Tema. Itatuwa kuwa, lambun Aburi, wanda aka bude a 1890.