Darasin Fassara Daga Gadon Asibiti: Fashewar Aljihun Babbar Jijiya

Gabatarwa

Ni Bakambare ne daga Kaboji a ƙasar Kontagora, a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. Ranar da aka kwantar da yayana a asibiti, ni na zama tafinta tsakanin likita da Baffanmu, wanda ba ya jin Turanci. Da likita ya gama bayani sai na ce, "Baffa, zuciyarsa ce ta fashe." Nan take Baffa ya yi salati, ya ce a maida shi gida tunda ta ƙare. Kuskuren fassarata ya kusa hana a yi masa aiki.

Mene Ne Ciwon?

A gindin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya akwai ƙananan aljifai 3, masu ɗauke da sunan Antonio Valsalva, masanin Italiya da ya rasu a 1723. Akan haifi wasu da rauni a bangon ɗaya daga cikinsu. Bugun jini yana ta kumbura wurin shekara da shekaru, har ya huje, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ya fi samun maza. Daga nan jini ya riƙa kwarara cikin ɗakunan zuciya na dama, aiki ya yi wa zuciyar yawa. Alamominsa su ne ciwon ƙirji farat ɗaya, da haki, da kumburin ƙafafu. Hoton zuciya ke tabbatar da shi.

Magani

Tiyata ce. Ana haɗa majinyaci da injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, a yanke kumburin, a ɗinka faci. Walton Lillehei na Amurka ya ba da rahoton irin wannan aiki a 1957. A Nijeriya kuwa, an fara tiyatar buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Inugu a 1974.

Kammalawa

Da na fahimci bayanin sai na koma na ce, "Baffa, wani ɗan aljihu ne a jijiya ya huje, kuma ana faci." Ya amince, aka yi aikin, yau yayana yana gona. "Fashe" na nuna abin da ya lalace ɗungurungum, "huje" kuwa na barin ƙofar gyara. 'Yan'uwa ɗalibai, mu fahimci abu kafin mu ba shi suna.