Darasin yau: laka da rayuwar kifi, daga teku zuwa raminka

Damina ta kankama, kuma tambayar da na fi samu kwanan nan ita ce: ruwan ramina ya koma ja, ko akwai matsala?

Bari mu fara da teku, don a can aka fi ganin aikin laka. A da, duk shekara kogin Nilu yakan kwaso laka ya juye a tekun Bahar Rum. Sinadaran cikinta ne ke raya ƙananan tsirran ruwa da kifi ke ci. Da Masar ta gina dam ɗin Aswan, wanda aka kammala a 1970, sai lakar ta maƙale a bayansa. Kifin sadin da masunta ke kamawa ya faɗo daga kusan tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 cikin 'yan shekaru. Gaɓar ma teku ya shiga cinye ta, tunda babu sabuwar ƙasa da ke cike gurbi.

To ka ga laka abinci ce. Amma fa rami ba teku ba ne, ba shi da inda zai kai rarar.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarata ta farko na haƙa rami a gangaren gona, ruwan sama na dare ɗaya ya wanko min jar ƙasa ciki. Wallahi da safe 'ya'yan tarwada na tarar suna yawo a sama. Laka tana toshe jan naman nan na gefen kai da kifi ke numfashi da shi, tana kuma tare hasken rana, sai iskar cikin ruwa ta ragu. Babbar tarwada tana jurewa saboda tana iya shaƙar iska a sama. Ƙanana da karfasa kuwa ba su da wannan juriyar.

Gwajin da nake yi: in tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafina ya ɓace tun kafin nan, sai in dubi launi. Kore-kore ba laifi in bai yi kauri ba. Ja ko ruwan ƙasa, laka ce. Rage abinci ranar, canza wani ɓangare na ruwan a hankali.

Sannan ka ɗaga bakin ramin, ka dasa ciyawa kewaye, ka yanka lambatu ta sama don ruwan gona ya bi gefe. In daga rafi kake jan ruwa, ya fara kwana a wani ƙaramin rami kafin ya isa ga kifi.