Kalmomin da Yaro Zai Gane da Gani Ɗaya

Wata uwa ta kawo mini kuka cewa ɗanta ɗan aji ɗaya yana karanta "kaza" da "tulu" ba gargada, amma da ya buɗe littafin Turanci sai ya cije a kan "the" da "said". Na ce mata laifin ba na yaron ba ne. Rubutun Hausa na boko yana bin furuci: yaro in ya san baƙi da wasali, ya haɗa "ka" da "za", ya fita kunya. Turanci kuwa yana da kalmomi masu taurin kai. Dubi "one": da harafin o aka fara rubuta ta, amma da sautin w ake faɗinta. Ga shi irin waɗannan ƙananan kalmomi su ne suka cika kowane shafi. Tun 1936 wani malami Ba'amurke, Edward Dolch, ya tattara guda 220 da suka fi yawan fitowa a littattafan yara, kuma malamai na amfani da jerin nan har yau.

Uwargida, ga yadda za ki yi a gida.

Da farko ki tabbata yaronki ya san sautin haruffa. A makarantar allo ma sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru, haka nan ma ba a tsallake.

Ki yanka kwalin sabulu ko na taliya ƙanana, ki rubuta kalma ɗaya a kowanne da manyan baƙaƙe masu fitowa sarai. Kalma uku zuwa biyar sun isa mako guda. Ki fara da "the", "is", "you", "was" da "said". Ki nuna, ki faɗa, ya maimaita, sannan ya zana ta da yatsa a ƙasa ko da alli a bango yana furtawa.

Ki nuna masa inda matsalar take. A "said", s da d ba su da laifi; "ai" ɗin tsakiya kaɗai zai riƙe a ka. Haddar ta ragu ke nan.

Inda iyaye da yawa ke ruɗuwa shi ne nan. Yaranmu gwanayen hadda ne, sai yaro ya rero miki kalmomin a jere kamar waƙa alhali idonsa na kan rufin ɗaki. Don haka kullum ki cakuɗa katunan, ki zaro ɗaya daga tsakiya. In ya faɗe ta nan take, ta zauna. In ya yi jim, ki gaya masa, ki mayar da ita cikin na gobe.

Kada kalmar ta tsaya a kati. Ki ba shi tsohuwar jarida ko gwangwanin madara ya farauto miki "the" guda biyar. Ki rubuta gajeriyar jimla da sunansa ko na ƙanwarsa a ciki, ya karanta wa babansa da dare.

Minti goma bayan la'asar ya wadatar, muddin kullum ne. Da yayyafi kogi kan cika. Ban da tsawa, ban da bulala, domin yaron da ya tsorata da kati gobe littafi zai guje wa. In kin ga ya fara hamma, ki tattara katunan, ki yaba masa kan wadda ya gane yau.