Maggiya, gonaki da tabki

Maggiya ba kogi ba ce mai ruwa kullum. Da damina take kawo ruwa daga duwatsun Adar. Ta bi ta ƙasar Malbaza, ta wuce Birnin Ƙwanni, ta shiga Najeriya, ta zuba a tabkin Kalmalo kusa da Illela ta jahar Sakkwato. Wannan Illela dabam take da Illela ta jahar Tawa.

Bayan babban farin 1973, gwamnati ta ƙarfafa noman rani. A kan Maggiya akwai madatsai biyu, ta Mozage da ta Zango. Daga nan ruwa yake bin kanal zuwa tabkin Cerasa, sannan a raba shi cikin gonakin Ƙwanni, masu faɗin fiye da ekta 2000. Ma'aikatar ONAHA, da aka kafa a 1978, tana taimakon manoma wajen lura da su. Ana noman dawa, masara, alkama da albasa. Albasar Galmi kuwa ta yi suna har bakin teku.

Abinci ya ƙaru, amma ruwa ya canja hali. Mutane sun yi yawa, an sare itatuwa, an nome gangaren duwatsu. Idan aka yi ruwan sama, babu abin da zai riƙe ƙasa. Sai ruwa ya kwaso yashi da laka, ya jibge su bayan madatsa. Kowace shekara madatsa tana ƙara cikewa, ruwan da take riƙewa yana raguwa. Ruwa mai laka kuma yana hana hasken rana shiga, yana binne wurin da kifi ke zuba ƙwai.

Sai batun takin zamani. Shuka ba ta shanye shi duka. Sauran yakan bi ruwa ya faɗa tabki. Abin da ke ciyar da albasa shi ne ke ciyar da gansakuka. Sai ta yaɗu, ruwa ya yi kore. Idan ta mutu ta ruɓe, ƙananan halittu masu cin ta su shanye iskar da ke cikin ruwa. Karfasa takan fara mutuwa. Tarwaɗa da gaiwa sun fi jurewa, domin suna iya shaƙar iska a sama.

Ba a ƙasar zafi kaɗai ake ganin haka ba. A Kanada, inda ruwa ke daskarewa da sanyi, takin gonaki yana gangarawa tabkin Winifeg, gansakuka tana rufe shi da bazara.

Tabkin Kalmalo ya fi kowa jin jiki. Ruwan da aka tare a sama ba ya isa gare shi kamar dā, ga kuma ƙarancin ruwan sama. Ya ja baya sosai, masunta da yawa sun koma noma. A 1990, Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kai, har da na Maggiya.

Tambayoyi
1. Ina Maggiya take ƙarewa?
2. Me ya sa karfasa ke riga tarwaɗa mutuwa?
3. Ku ɗebo ruwan tabki a kwalba, ku aje shi har gobe. Me kuka gani a gindin kwalbar?